Saukar Jini a Cutar Fakinsan: Tasirin Magani da na Tsikarin Ƙwaƙwalwa

1.0 Gabatarwa

Duk Bahaushen da ya taɓa zuwa asibiti, ko ya raka wani, ya san abin da ake nufi da hawan jini. Kalmar ta zauna daram a bakin jama'a, har ta shiga zancen yau da kullum, inda za a ji uwa ta ce wa ɗanta kada ya sa mata hawan jini. Kishiyarta kuwa ba ta sami wannan gata ba. Idan awon jinin mutum ya yi ƙasa, wasu su ce jini ya sauka, wasu su ce ya faɗi, da yawa kuma su ce ƙarancin jini ne, alhali ƙarancin jini wata larura ce dabam, wadda ta shafi yawan jajayen ƙwayoyin da ke cikin jinin, ba ƙarfin da jinin ke tafiya da shi ba. Wannan ruɗani ba na masu nazarin harshe ba ne kaɗai, domin akwai marasa lafiyan da yake iya kai su ga faɗuwa da karaya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana, cikin Hausa, yadda awon jini ke rikicewa ga mai cutar Fakinsan, da irin tasirin da hanyoyi biyu na jinyar cutar ke yi a kansa, wato shan magani da kuma tsikarin ƙwaƙwalwa da lantarki. Abin da za a nuna shi ne cewa cutar da kanta ce ke fara lalata hanyar da jiki ke riƙe jini, magani ya zo ya ƙara, shi kuwa tsikari yawancin amfaninsa a wannan fage yana zuwa ne ta hanyar rage maganin da ake sha. A duk inda Hausa ta yi tuntuɓe wajen ɗaukar bayanin, za a ɗan tsaya a duba.

2.0 Cutar da Sunayenta

A shekarar 1817 ne wani likita a birnin Landan mai suna James Parkinson ya buga ɗan ƙaramin littafi inda ya bayyana halin mutum 6 masu karkarwa da nauyin motsi. Daga baya Jean-Martin Charcot, babban likitan jijiyoyi na birnin Faris, ya laƙaba wa cutar sunansa. A Hausa akan ji ana cewa ciwon karkarwa, ko makyarkyata, ko rawar jiki. Duk waɗannan sunaye alama ɗaya suka kama suka bar saura. Akwai masu cutar da ba su karkarwa sam, akwai kuma masu karkarwar da ba ita ke damun su ba. Muhimmiyar alamarta ita ce nauyin motsi, sai sandarewar gaɓoɓi, da jan ƙafa, da fuska wadda ba ta nuna walwala. Illar sunan karkarwa ita ce yana sa majinyata su zuba ido ga hannu kawai, su manta da jiri da taurin ciki da yawan fitsarin dare, waɗanda su ma 'ya'yan cutar ne. Saboda haka a nan an zaɓi a ari sunan a hausantar da shi, a ce Fakinsan.

Tushen matsalar motsi shi ne mutuwar wasu ƙwayoyi a can tsakiyar ƙwaƙwalwa waɗanda ke samar da sinadarin dofamin. Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin ne ya nuna muhimmancin wannan sinadari ga motsi tun daga 1957, sannan a 1960 Ehringer da Hornykiewicz suka gano a birnin Biyana cewa ya yi ƙaranci ƙwarai a ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu da cutar. Sai dai ɓarnar ba ta tsaya a cikin kai ba. Wani furotin mai suna alfa-sinukilin, wanda aka tabbatar a 1997 cewa shi ne ke dunƙulewa a cikin ƙwayoyin da suka kamu, ana samun sa har a jijiyoyin da ke zuwa zuciya da hanji da fata.

A nan ne za mu ci karo da cikas na farko. Kalmar jijiya a Hausa tana ɗauke da kaya da yawa: ita ce hanyar da jini ke bi, ita ce zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, ita ce kuma agarar da mahauci ke fama da ita a jikin nama. A mafi yawan zance wannan ba ya hana fahimta. Amma a batun da ke gabanmu, gaba ɗayan bayanin ya rataya ne a kan cewa wata jijiya tana ba wata jijiya umarni ta tsuke. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda aka buga a 1990, ya yi wa fannin harshe da adabi irin wannan gyara, amma bai shafi likitanci ba. Don haka a wannan maƙala za a kira hanyar jini magudana, a kira mai kai umarni jijiyar saƙo.

3.0 Abin da ke Faruwa Idan Mutum Ya Miƙe

Lokacin da mutum ya tashi daga kwance ya miƙe tsaye, jini kimanin rabin lita zuwa lita guda yakan gangara ya taru a ƙafafu da ciki. Da za a bar shi haka, abin da ke komawa zuciya zai ragu, wanda ke hawa kai ma ya ragu, mutum ya faɗi. Abin da ke hana hakan shi ne wasu 'yan ma'aunai da ke jikin manyan magudanan wuya da babbar magudanar da ta fito daga zuciya. Da zarar sun ji ƙarfin jini ya ragu, sai su kai rahoto gindin ƙwaƙwalwa, daga can a aiko da umarni ta jijiyoyin saƙo waɗanda ke aiki ba da sanin mutum ba. Bakin waɗannan jijiyoyi yana sakin wani sinadari mai suna noradirinalin, wanda ke sa magudanai su tsuke, zuciya kuma ta ƙara sauri. Duk wannan yana faruwa cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Ga mai cutar Fakinsan, bakin waɗannan jijiyoyi ne ke lalacewa, musamman waɗanda ke zuwa zuciya. Rahoto yana isa, umarni yana fitowa, amma babu isasshen noradirinalin da zai zartar da shi. Sai jini ya zauna a ƙasa. Likitoci sun yi ittifaƙi a 1996, suka kuma sabunta a 2011, cewa idan lambar sama ta awon jini ta ragu da maki 20, ko ta ƙasa ta ragu da maki 10, cikin minti 3 da miƙewa, to akwai wannan larura, wadda za mu kira saukar jini ta miƙewa. Binciken da ya tattara nazarce-nazarce da dama a 2011 ya nuna cewa kusan mutum 3 cikin 10 na masu cutar suna da ita. Akwai wata alama da ke bambanta ta da saukar jinin mai ƙishirwa ko mai gudawa: shi wannan zuciyarsa takan yi ta dukan uku-uku don ta cike giɓi, amma ta mai Fakinsan da ƙyar take ƙara sauri, galibi ƙasa da bugu 15 a minti.

Abin da maras lafiya ke ji ya bambanta. Wani jiri ne, wani duhun ido, wani kasala da nauyin kai, wani kuma ciwo a ƙeya da kafaɗu wanda ke lafawa da zarar ya kwanta. Wani ba ya jin komai sai dai a gan shi a ƙasa. Abin yakan tsananta da asuba, da bayan cin abinci mai nauyi, da lokacin zafi, da bayan doguwar tsayuwa ko tsuguno.

4.0 Magani

Babban maganin cutar shi ne lebodofa, wanda jiki ke juya shi ya zama dofamin. An fara gwada shi ta allura a Biyana a 1961, amma sai a 1967 George Cotzias na jihar New York ya nuna cewa idan aka ba da shi ta baki, ana ƙarawa sannu a hankali har ya yi yawa, mutumin da ya sandare yakan tashi ya yi tafiya. Har yau ba a sami maganin da ya fi shi ba wajen motsi.

To amma lebodofa ba ta san kan iyaka ba. Tun kafin ta isa ƙwaƙwalwa, wani kaso nata yana zama dofamin a cikin jini, shi kuwa dofamin a wajen kai aikinsa dabam ne: yana buɗe magudanan ciki da na ƙoda, yana sa ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa, yana kuma rage noradirinalin ɗin da bakin jijiyoyin saƙo ke saki. Mai karatu zai lura cewa wannan shi ne ainihin sinadarin da cutar ta riga ta ƙarantar. Don rage wannan ɓarna ne aka soma haɗa lebodofa da wani magani mai hana ta juyewa a wajen ƙwaƙwalwa, wato kabidofa a cikin Sinemet, ko bensarazayid a cikin Madopar, waɗanda suka shiga kasuwa a shekarun 1970. Haɗin ya rage tashin zuciya da amai sosai, amma bai kawar da saukar jini ba, domin dofamin yana da hannu a kan awon jini daga cikin ƙwaƙwalwar ma. Abin yakan kai ƙololuwa wajen awa guda bayan an sha, daidai lokacin da jiki ya saki, mutum ya ji ƙarfin tashi ya yi harkokinsa. Wato lokacin da ƙafa ta fi yarda ta ɗauke shi, lokacin ne kai ya fi rasa jini.

Akwai wani rukunin magunguna masu kwaikwayon dofamin, irin su buromokiriftin da faramifeksol da rofinirol da afomofin. Waɗannan an san su da kayar da jini, musamman a shan farko da duk lokacin da aka ƙara yawansu, shi ya sa ake fara su kaɗan-kaɗan. Selejilin da amantadin su ma suna iya yin haka. A kan wannan kuma sai a ɗora abin da tsofaffi da yawa ke sha na wasu cututtuka: maganin hawan jini, da mai sa fitsari, da na kumburin mafitsara ga maza.

Ya kamata a faɗi wani abu a nan game da karara, wadda duk ɗan ƙauye ya san ƙaiƙayinta. Ƙwayarta tana ɗauke da lebodofa, kamar yadda masana a Indiya suka tabbatar tun 1937, kuma Roberto Cilia da abokan aikinsa sun yi gwaji da garinta a Bolibiya da Gana don amfanin waɗanda ba su iya sayen maganin asibiti. Buƙatar hakan a fili take, domin binciken da Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas da abokan aikinta suka buga a 2019 ya nuna cewa magungunan cutar suna wuyar samu a kantunan Nijeriya, kuma sun fi ƙarfin aljihun talaka. Sai dai karara ba ta da kabidofa a cikinta, ƙarfinta kuma yana bambanta daga wannan iri zuwa wancan. Wanda ya sha ta da ka, ba tare da awo ba, yana iya fuskantar matsalar jinin da masu shan lebodofa zalla suka fuskanta a da.

Ba a fahimci wannan bayani a matsayin kira ga barin magani ba. Tsayar da lebodofa farat ɗaya yana da haɗari mai tsanani, har da zazzaɓi da sandarewar da ke iya kisa. Abin da likita ke yi shi ne ya fara janye magungunan da ba su zama dole ba, ya rarraba lebodofa zuwa ƙananan kaso, sannan ya duba abin da ya rage.

5.0 Tsikarin Ƙwaƙwalwa da Lantarki

Bayan shekaru ana shan lebodofa, aikinta yakan soma yankewa. Sa'a guda jiki ya saki har ya riƙa murɗe-murɗen da ba a so, sa'a ta gaba ya sandare. Irin waɗannan marasa lafiya ne ake yi wa wani aikin tiyata, wanda Alim-Louis Benabid da Pierre Pollak suka fara a garin Grenoble na Faransa a 1987. Ana huda ƙoƙon kai a zura siririyar waya har can cikin ƙwaƙwalwa, a biyo da ita ta ƙarƙashin fata zuwa wani ɗan batir da ake binnewa a ƙirji, ƙasa da ƙashin wuya. Batirin yana aika ɗan ƙaramin lantarki wajen sau 130 a daƙiƙa guda. Daga 1993 suka karkata ga wani gungun ƙwayoyi da ke ƙarƙashin talamas, wanda bai kai girman ƙwayar wake ba, kuma shi ne wurin da aka fi nufa har yau. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da aikin don wannan cuta a 2002.

Masu fassara sukan ce zaburar da ƙwaƙwalwa. A ganina wannan bai dace ba, domin zaburarwa tana nuna ƙara wa abu himma, kamar yadda ake zaburar da doki, alhali wannan gungu aiki yake yi fiye da kima a cutar Fakinsan, kuma sakamakon lantarkin ya fi kama da na kwantar da shi. Tsikari ya fi kusa, saboda yana nuna taɓawa a kai a kai ba tare da ya yanke hukunci kan abin da zai biyo baya ba.

Shin lantarkin yana taɓa awon jini? Akwai dalilin zaton haka. Masu bincike a Oxford ta Ingila sun nuna a 2002 cewa tsikarar wannan yanki ga mutumin da ke farke tana ɗan ɗaga bugun zuciya da awon jini. A 2005 Alexander Green da abokan aikinsa a can suka nuna abin da ya fi wannan ban mamaki a wani yanki dabam na tsakiyar ƙwaƙwalwa, ga mutanen da aka sa wa waya saboda matsanancin ciwo: idan aka tsikari ɓangaren gaba jini ya sauka, idan aka tsikari na baya ya hau. Ke nan tazarar 'yan milimita tana iya juya sakamako.

Game da masu Fakinsan kansu, nazari biyu daga Jamus sun cancanci a tsaya a kansu, domin ba su faɗi abu ɗaya ba. A 2006 Stemper da abokan aikinsa a Erlangen suka ɗora marasa lafiya a kan gadon da ake karkatawa har mutum ya kusa miƙewa, suka auna su da na'ura a kunne da kuma a kashe. Suka ga cewa idan tana kunne zuciya tana amsawa, jini kuma yana riƙe matsayinsa fiye da idan an kashe ta. A 2007 Ludwig da abokan aikinsa a Kiel suka auna mutum 14 masu waya, a kunne da a kashe, suka kuma auna wasu 15 marasa waya kafin shan lebodofa da bayansa. A wurinsu kunna na'ura bai sauya awon jini ko bugun zuciya ba, amma lebodofa ta saukar da jini a zaune, ta kuma ƙara faɗuwarsa a tsaye.

Nazarce-nazarcen nan ƙanana ne, kuma na ɗan gajeren lokaci. Duk da saɓaninsu, akwai inda suka haɗu: babu wanda ya ga lantarki ya kayar da jini kamar yadda magani ke yi. A nan ne amfanin aikin yake. Wanda aka sa wa waya a ƙarƙashin talamas yakan iya rage maganinsa da kusan rabi, kuma idan magani ya ragu, nauyin da ya ɗora wa awon jini ya ragu. Wannan bai cika samuwa ba idan aka sa wayar a ɗaya wurin da ake nufa, wato gulobas falidas, inda ba a rage magani sosai. Lantarkin kuma ba ya gyara jijiyoyin saƙon da suka lalace a zuciya da magudanai, ba ya hana cutar ci gaba, don haka wanda ya sami sauƙin jiri bayan tiyata yana iya ganin ya dawo bayan shekaru. Ba a yi wa kowa aikin saboda saukar jini. Hasali ma, idan saukar jini mai tsanani ta bayyana tun farkon ciwo, likitoci sukan yi zargin wata cuta ce mai kama da Fakinsan wadda ke lalata sassa da yawa na ƙwaƙwalwa, ita kuwa wannan tiyata ba ta yi mata amfani.

6.0 A Gaban Likita

Abin da ya fi rikita lamarin shi ne cewa wajen rabin masu irin wannan saukar jini, idan suka kwanta jininsu hawa yake yi, ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce. Ma'aunan da suka kasa ɗaga shi a tsaye, su ne suka kasa sauke shi a kwance. Hawan dare kuma yana sa ƙoda ta yi ta zubar da ruwa, mutum ya kwana yana fitsari, ya wayi gari a bushe, jiri ya kwashe shi a tashin farko. Idan aka auna irin wannan mutum a kwance ko a zaune kawai, sai a ce hawan jini ne, a ba shi maganin da zai ƙara kayar da shi. Idan kuma ɗansa mai yi masa tafinta ya ji likita ya ce jini ya yi ƙasa, ya juya ya ce, "Baba, an ce ba ka da jini," sai a koma gida a shiga neman maganin ƙarin jini da hanta da ganye, waɗanda ba su taɓa matsalar ba. Wannan na faruwa cikin sauƙi a asibitocin kudancin ƙasar nan, inda likita ba ya jin Hausa, amma yana faruwa a arewa ma, tunda kalmar ce babu.

Matakan farko ba su buƙatar kuɗi. A tashi daki-daki, a zauna a bakin gado kafin a miƙe. A ɗaga wajen kan gado da kamar taƙi guda, ta hanyar sa bulo a ƙarƙashin ƙafafunsa, domin tara matasai ba ya wadatarwa. Shan ruwa rabin lita a tashi ɗaya yana ɗaga jinin irin waɗannan mutane cikin 'yan mintoci, ya riƙe shi na wajen awa guda. Ɗamarar ciki tana hana jini taruwa a can. A rage yawan tuwo a zama ɗaya, a ƙara yawan lokutan ci. Batun ƙarin gishiri sai da izinin likita. Idan waɗannan ba su isa ba, akwai fuludurokotizon mai riƙe gishiri da ruwa, da midodirin mai tsuke magudanai, wanda ba a sha idan ya rage awa 4 a kwanta, da duroksidofa, wanda jiki ke juyawa ya zama noradirinalin, aka soma amfani da shi a Japan a 1989, a Amurka kuma a 2014.

Ga musulmi akwai wurare biyu da ya kamata likita ya tambaya, domin maras lafiya ba zai kawo su da kansa ba: ɗagowa daga sujada zuwa tsayuwa, musamman a sallar asuba, da kuma azumi a watannin zafi, inda ƙishirwa ke haɗuwa da sauyin lokutan shan magani. Shari'a ta yi rangwame a duka biyun, amma tsoho ba ya karɓar rangwame a kan ciwon da aka gaya masa na hannu ne. Tambayar ma tana da nata ladabi. "Kana jin jiri?" takan sami amsar a'a daga wanda abin da yake ji duhun ido ne ko ciwon ƙeya, kuma jiri da hajijiya ba ɗaya ba ne, domin mai hajijiya ɗaki ne ke juya masa, wanda galibi daga kunne yake. Tambayar da ta fi fito da amsa ita ce, "Baba, me kake ji idan ka miƙe, wanda ke tafiya idan ka zauna?" Daga nan sai a kwantar da shi minti 5 a auna, a tsayar da shi a auna a minti na 1 da na 3, a rubuta bugun zuciya tare da awon, a kuma rubuta ƙarfe nawa ya sha maganinsa na ƙarshe.